Layin Haihuwa a Sashen Kimiyya

A wannan makaranta mace ɗaya tak ake ba hutun haihuwa mai albashi a kowane sashe cikin shekarar karatu. Haka dokar take a shafi na tara na littafin ma'aikata, kuma wanda ya rubuta ta, ko ba a faɗa ba, bai taɓa yin laulayi ba. Wadda ta fara kai takardar likita ofis ita ce mai hutu, wata uku cif, ban da dogon hutun ƙarshen shekara, a ɗauko malamar wucin gadi ta riƙe mata aji. Duk wadda ta haihu bayanta a shekarar, sai dai ta tafi ba albashi, kuma babu wanda ya yi mata alkawarin za ta dawo ta tarar da kujerarta.

Sashen kimiyya kuwa mata biyar ne, kowace da aurenta. An taɓa yin wata shekara da biyu daga cikinsu suka yi tseren kai takarda, ɗaya ta riga ɗaya da rabin sa'a, suka yi shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa su. Tun daga nan matan suka zauna suka yi wa kansu dabara. Suka yi layi. Kowace da shekararta, an rubuta a takarda, an manna a cikin ƙofar kabad ɗin kofunan shayi, inda aka tabbata babu namijin da zai taɓa buɗewa. Wadda ba shekararta ba ce, ita ta san yadda za ta yi da mijinta da kuma asibiti.

Mai riƙe da layin ita ce malamar lissafi, wadda kowa ke kira Agogo. Ba a banza ta sami sunan ba. Masu gadi da shigowarta suke gyara lokaci, kuma ita ke tsara wa makarantar gaba ɗaya jadawalin darussa, malami hamsin da aji goma sha takwas, ba ta taɓa jefa mutum ɗaya a aji biyu lokaci guda ba. Mace ce doguwa, ba ta da yawan dariya, amma ba ta da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Cutarta ɗaya ce: ba ta iya ganin matsala ta wuce ba ta warware ta ba.

Shekararta talatin da takwas, bakwai a gidan miji, kuma sau uku tana saukar da sunanta ƙasan layi da hannunta. Na farko, makaranta ta ba ta damar ƙaro digiri na biyu bisa sharaɗin ba za ta nemi wani hutu ba har shekara biyu. Na biyu, kamfanin da mijinta ke aiki ya rufe, ya koma yawon ofisoshi da jakar kayan aiki yana gyaran injin fotokofi, yau a samu, gobe a rasa. Na uku kuwa ita ta ce ba za ta yi goyo a ɗaki ɗaya da risho da katifa da littattafai ba, sai sun koma ciki da falo. Kowane dalili dalili ne, babu mai cewa ba ta da gaskiya, sai dai Inna.

Inna ce mahaifiyarta, ta haifi takwas ba ta taɓa riƙe alli ba. Duk zuwan da za ta yi sai ta zauna bakin gado ta ƙare wa cikin 'yarta kallo.

"Ke 'yar nan, haihuwar ma sai an ba ki lamba kamar layin ganin likita?"

"Inna, mu takwas da kika haifa, nawa ne suka gama makaranta?"

"Ke kaɗai. Ga shi kuwa kin gama, har yau kina kan gamawa."

Agogo takan yi dariya, amma maganar ba ta wucewa. Likitarta ma ta taɓa cire tabarau ta ce mata, "Malama, ki daina ɗagawa. Ba kullum ake kira ya amsa ba."

Da shekararta ta kama, sai kuwa aka kira bai amsa ba. Satumba ya wuce, Oktoba ya wuce. Matar da ba ta taɓa tsoron jarrabawa ba ta fara tsoron ƙarshen wata. Abokan aikinta suka koyi kallon cikinta ta gefen ido, su yi kamar kofi suke nema. Sai farkon Disamba, ranar wata Juma'a, likita ta juyo da fuskar na'ura ta nuna mata wani ɗan ɗigo da ke harbawa, ta ce sati shida ne, haihuwa wajen ashirin da huɗu ga Yuli.

Tun kafin ta sauko daga gadon gwaji Agogo ta gama lissafi. Makaranta na rufewa tsakiyar Yuli. Ta haihu cikin dogon hutu, ta ɗora wata uku a kai, ba za ta koma aji ba sai Disamba mai zuwa. Wata huɗu da rabi kenan ita da ɗanta, ba ƙararrawa, ba jan biro. Zai tsayar da wuya a gabanta, zai yi dariyar farko a gabanta. Abin da kowace malama ke nema ta rasa, ita ta dace da shi ba tare da ta auna ba.

Da yamma ta ajiye wa mijin takardar kusa da kofin shayinsa. Ya goge baƙin tawadar hannunsa a wando, ya karanta sau biyu, ya ɗago.

"Malama, wannan asali ce ko kwafi?"

"Injiniya, ka taɓa ganin na kawo maka kwafi?"

Ya tashi ya zagaya falon, ya rasa abin yi, ya ɗauke mata tulin littattafan gyara daga kan kujera kamar su ne za su danne cikin. Daga baya ya zauna ya rufe fuska da tafin hannu. Ta bar shi, ba ta zolaye shi ba.

Ranar Litinin ta isa makaranta da takardar a jaka. Sakatare bai iso ba, ofis a kulle, sai ta ce bari ta leƙa ɗakin gwaje-gwaje ta ari dogon ma'auni. A ɗan sito na baya, tsakanin kwalaben sinadarai, ta tarar da Auta zaune a ƙasa ta jingina da bango, zufa na tsiyaya a goshinta.

Auta ce malamar kimiyyar sinadarai, ƙaramarsu, shekara ashirin da biyar. Bara aka ɗauke ta, har yanzu tana kan gwaji, sunanta ne na ƙarshe a layi, sai nan da shekara uku. Kwanan nan kowa na mamakin yadda ta ƙi rabuwa da farar rigar aiki, ko a ɗakin malamai tana cikinta, maɓallai a rufe har wuya. Yanzu rigar a buɗe take. Agogo ta duba sau ɗaya, ba ta buƙaci na biyu ba.

"Wata nawa?"

"Huɗu da rabi, Anti." Muryar da ƙyar ta fito. "Warin nan ne ya juya mini kai. Wallahi ban yi da gangan ba. Ƙwayar ce ba ta karɓe ni ba, jiri, ciwon kai, aka ce in dakata a canza mini wata. A ɗan tsakanin nan ne."

"Yaushe ne haihuwar?"

"Ƙarshen Afrilu."

Haushi Agogo ta ji, haushi na gaske, irin wanda ba ta taɓa jin sa kan wani mahaluƙi ba.

"Ke da kike koya wa yara abin da ke faruwa in an haɗa wannan da wancan, ke ce za ki zauna ki ce mini ɗan tsakani? Kin san shekarar wa ce wannan?"

"Na sani."

"Kin san shekara nawa na yi ina jira?"

"Na sani, Anti. Shi ya sa ban kai ba." Ta jawo jakarta ta zaro wata takarda da ta sha ninki har gefenta ya fara yagewa. "Tun Oktoba take nan. Kullum sai na bi ta ƙofar Sakatare, in kasa shiga. Na san in na kai, na sace miki. In ban kai ba kuma, ni da ke kan gwaji, ba dawowa zan yi ba. Mijina kuma shekara biyu da gama karatu, babu inda bai kai takardunsa ba. Albashina ne gidan."

Ƙararrawa ta kaɗa. Agogo ta juya ta fita, ma'aunin ma ta manta da shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, da yarinyar ta yi satar, da ta huta, ta tsane ta hankali kwance. Wata biyu hanya a buɗe, ba mai hana ta, amma ta ƙi bi.

Lokacin shan shayi suka rufe ƙofar ɗakin malaman sashe. Uwar Sashe, malamar nazarin halittu, mai 'ya'ya huɗu da ta gama haihuwa tun kafin a ƙirƙiro shafi na tara, ita ta zauna a tsakiya. Auta ta tsaya jikin kabad, kai a ƙasa. Sauran biyun suka yi mata ca, ɗaya na cewa layi layi ne, ɗaya na cewa in kowa zai yi ɗan tsakani to a yage takardar kowa ya huta.

Uwar Sashe ta ɗaga hannu. "Ya isa. Ciki dai ya shiga, faɗa ba zai mayar da shi ba." Ta juya ga Agogo, ta sassauta murya, kuma sassautawar ce ta fi ciwo. "Ƙanwata, kada ki ga na yi miki shisshigi. Ga shi har Disamba, ke shiru. Da a bar hutun ya tafi a banza, ba gara ki bar mata bana ba, mu sa ki baɗi?"

Agogo ta buɗe jaka, ta zaro tata takardar, ta shimfiɗa a kan tebur tsakanin kofuna.

Suka bi takardar da kallo ɗaya bayan ɗaya. Shekara bakwai suna jiran ranar da za su yi mata guɗa, ga ranar ta zo, babu wadda ta san ko barka za ta ce ko sannu. Auta ce ta fara magana.

"Barka, Anti," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata.

Uwar Sashe ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, a ranar ta je wurin Shugaban makaranta. Ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi, ya buɗe shafi na tara ya karanta mata da kyakkyawar murya. Ya ce shi ma uba ne, abin ya taɓa shi, amma kuɗin malamar wucin gadi guda ɗaya hukumar makaranta ta ware wa kowane sashe. Ta tambaye shi ko za a lissafa wa Agogo nata a sabuwar shekara, tunda a bakin ƙarshe za ta haihu. Ya sake duba littafin, ya ce ranar haihuwa ake bi, shekarar karatu kuma ba ta ƙarewa sai ƙarshen Agusta. Ya raka ta har bakin ƙofa.

A gida Injiniya bai ɓata lokaci ba. "Gobe ki kai takardarki. Shekararki ce, su da kansu suka rubuta."

"Na sani."

"To me ya rage?"

Abin da ya rage shi ne ta riga ta ga mafita, tun a ɗakin shayi ta gan ta, kuma ta tsane ta. Auta tsakiyar zango za ta haihu, daidai lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke shirin jarrabawa, ba yadda za a yi ta ɓuya. Ita kuwa cikin dogon hutu za ta haihu. In ta daure ta tsaya a aji har ranar rufewa, ta dawo ranar buɗewa, ba ta buƙatar takardar kowa. Babu wadda za ta rasa aiki, babu wadda za ta rasa albashi. Abu ɗaya kawai zai salwanta, wata huɗu da rabin nan su koma sati shida.

Ta ɗauko kalanda ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo.

"Malama, na yi shiru lokacin digiri, don na ga amfaninsa. Na yi shiru lokacin da aikina ya tafi, don laifin daga wajena ne. Ɗaki ma na yi shiru. Kowace shekara da dalilinta. To bana dalilin ma ba namu ba ne."

"In na kai, yarinyar nan ta rasa aikinta da jariri a hannu."

"In ba ki kai ba, wa zai riƙe namu jaririn?"

"Inna."

"Inna ta riƙe takwas, ta gaji. Ke kika ce wannan da hannunki za ki riƙe." Ya tura kalandar gefe. "Da ina da albashi tsayayye, da na ce ki tafi ba albashin, su riƙe kujerarsu. Ba ni da shi. Wannan ne ke cina, ba yarinyar ba."

Ba ta taɓa jin ya faɗi haka ba, sai tausayinsa ya kama ta a kan nata.

Kwana uku tana yawo da takardar. Sau biyu tana isa ƙofar Sakatare, har ya ɗago ya ce, "Malama, da magana?" ta ce a'a, alli ta zo karɓa. Ta gwada jin haushin Auta don ta sami ƙarfin shiga, haushin ya ƙi tsayawa. Duk inda ta juya sai ta hango farar rigar nan da maɓallai har wuya tana rakuɓewa jikin bango don kada su haɗu.

Ranar Alhamis ta same ta a ɗakin gwaje-gwaje tana wanke kwalabe.

"Ɗauko takardarki."

Auta ta tsaya da kumfa a hannu. "Anti?"

"Kurma ce ke? Ɗauko, mu je. Kuma ki cire rigar nan kafin ki dafa yaron mutane."

Har ofis ta raka ta, ta tsaya a kanta har Sakatare ya buga hatimi. Da suka fito Auta ta durƙusa a baranda tana neman kama ƙafarta. Agogo ta ja da baya.

"Tashi, ɗalibai na kallo. Kuma kada ki gode mini, ban yi da daɗin rai ba. In kin ga na ɗaure fuska kwana biyu, ki ba ni hanya kawai."

Ta kuwa ɗaure, ba kwana biyu ba, har wata biyu.

Ciki ya yi ta girma, ciki ne na mai shekaru, bai zo da wasa ba. Ƙafafu suka kumbura har takalman Injiniya take sawa ta zo makaranta. Likita ta ce ta rage tsayuwa, sai ta sa aka kawo mata doguwar kujera gaban allo, amma mai koyar da lissafi ina ta ga zama, layi biyu za ta rubuta ta miƙe. Sauran matan suka karɓe mata duban jarrabawa, Uwar Sashe ta riƙa turo mata ruwa da 'ya'yan itace kowane hutun tara. A ƙarshen Afrilu Auta ta haifi 'ya mace, ta tafi hutunta. Agogo ta je barka, ta ɗauki jaririyar, ta ji ɗuminta a ƙirji, ta ga uwar zaune da zani ɗaya ba ta san ko ƙarfe nawa ne ba. Ta yi murna, ta kuma yi kishi, duka biyun da gaske.

Ta kai ranar rufewa da ƙafarta, ta miƙa sakamakon aji shida ba ko ɗaya da ya makara. Daga nan ta zauna jiran ashirin da huɗu ga wata. Ashirin da huɗu ta zo ta wuce. Talatin ta wuce. Kowace safiya in ta farka ba naƙuda, ta san an cire mata kwana ɗaya daga ɗan abin da ya rage, ta shafa cikin ta ce, "Kai, fito mana, lokacinka kake ci." Injiniya ya ce yaron nan dai ba uwarsa ya biyo ba. Sai biyar ga Agusta ya ga dama, bayan doguwar wahala, namiji, da gashi cike da kai da yatsu dogaye irin na ubansa.

Sati shida ya koma kwana talatin da ɗaya.

Ba ta taɓa sanin kwana na gudu haka ba. Matar da ba ta iya zama minti biyar ba aiki, sai ga ta tana kashe awa guda tana kallon yadda yake murɗa baki cikin barci. Ta daina ɗaura agogo don kada ya karce shi. Takan sunkuya ta shaƙi ƙamshin kansa, ta ji kamar ta yi kuka don daɗi, sai kuma ta tuna kwanan wata. A nan ne ta yi da-na-sani, ba sau ɗaya ba. Ta faɗa wa Injiniya a fili, "Da na san haka abin yake, wallahi da ban bayar ba." Bai ce mata ai na faɗa miki ba. Ya karɓi yaron ya ce ta je ta ɗan kwanta.

Inna ta tare a falo da 'yar jakarta saura mako guda a koma, aka fara koya wa yaro shan nonon da aka tatsa a kwalbar fida. Ya ƙi. Da an sa masa robar a baki sai ya turo ta da harshe, ya ƙanƙame jiki, ya tsala ihu har fuskarsa ta yi ja. Aka canza roba, aka canza kwalba, aka gwada cokali. Ko sau ɗaya Agogo ba ta iya jure minti uku ba, sai ta fizge shi ta sa a ƙirji.

"In kina ƙwacewa yaushe zai koya?" in ji Inna.

"Gobe, Inna. Gobe zan daure."

Har goben ta ƙare, ranar buɗe makaranta ta zo, yaro bai taɓa haɗiyar ko ɗigo daga fida ba.

Da safen ta shayar da shi har sai da ya saki da kansa, ta jera kwalabe uku a cikin ruwan sanyi, ta yi wa Inna bayani sau uku. Inna ta ce, "'Yar nan, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Tafi." Ta kai ƙofa ta dawo, ta sake kaiwa ta dawo. A karo na uku Injiniya ya ɗauki jakarta ya yi gaba, dole ta bi shi.

Darasi na farko da na biyu ta yi su kamar a mafarki. A na uku, tana tsakiyar warware wani lissafi a allo, wajen ƙarfe goma, sai ta ji ƙirjinta ya ɗaure tamau, ya yi nauyi, yana tsiko. Ta san lokacin shansa ne. Ta san a daidai wannan minti yana can yana juya kai yana nema. Ta ci gaba da rubutu. Ajin da ke ta 'yan ƙus-ƙus ya yi shiru, shirun da ba na fahimta ba. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu a hankali, ta nuna gaban rigarta. Agogo ta duba tata. Nono ya jiƙe ta sharkaf, gefe biyu, yana gangarowa.

Ta ja mayafi ta rufe, ta juya ga allo, amma lambobin suka ƙi tsayawa. Shekara goma sha huɗu tana koyarwa, ba ta taɓa rasa layin da ke biye ba sai yau.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ce, ta dawo daga hutunta a ranar, ta yi ƙiba ta yi haske. Ba ta da darasi a lokacin, kuma tun safe take kai-komo a barandar ajin, don ta san abin da ƙarfe goma ke yi wa mai shayarwa. Ta shigo kai tsaye ta miƙa hannu.

"Anti, ba ni allin."

"Ba ki iya wannan ba."

"Zan ba su aiki su yi. Wannan da na bayansa duk nawa ne. Ki je, sai na biyar."

Agogo ba ta yi musu ba. Ta bar jakarta a kan tebur, ta fita da sauri har mai gadi ya miƙe yana tambaya ko lafiya. Ta tare babur, abin da ta rantse ba za ta hau ba sai ta warke sarai. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji shi har cikin ƙashi, amma cewa take ya ƙara wuta. Kukansa kawai take ji a kunne, tana ce masa a zuci, ga ni nan, ga ni nan, yi haƙuri.

Ta hau matakala tana haki, ta tsaya bakin ƙofa ta kasa kunne. Ba kuka. Ta tura ƙofar da ƙarfi.

Inna na zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, ta ɗora yatsa a baki. Yaron na kwance a gefenta, hannuwa sama, ciki ya yi tim, ɗan farin nono ya bushe a gefen bakinsa. Kusa da shi ga fida, babu komai a ciki.

"Ya karɓa," in ji Inna cikin raɗa. "Ya shanye tas. Kada ki tashe shi, yanzu ya samu barcin."

Labari ne mai daɗi, shi suka yi mako guda suna nema. Agogo ta durƙusa a hankali gefen tabarmar, rigarta na ɗiga, ƙirjinta kamar zai tsage. Ta ga gashin idonsa a jiƙe, sun manne da juna. Can sai ya ja wata doguwar ajiyar zuciya mai rawa, irin ta wanda ya sha kuka, ya ci gaba da barcinsa.

"Inna, ya daɗe yana kukan?"

Inna ta ɗauki fidar tana juya ta a hannu. Matar da ba ta taɓa rasa amsa ba, yau sai da ta nemo.

"Ya daɗe," ta ce. "Ya yi ta juya kai wajen ƙofa. Daga baya ya haƙura."

Agogo ta sa bayan yatsa ta taɓa tafin ƙafarsa, a hankali, tana fatan ya motsa, tana tsoron ya motsa. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Inna ta tashi ta ɗauko mata wata riga da kwalba mai tsabta, ta ajiye kusa da ita.

Nan ta zauna ta tatse nonon a kwalba, idonta a kansa, don ya sami na la'asar. Ta canza riga. Ta ɗan ƙara jinkiri a bakin ƙofa ko zai buɗe ido ya gan ta kafin ta tafi. Bai farka ba.